Turmi Biyu a Ƙarƙashin Kamiyon Alhaji

Ku samarin garaji na yanzu, in aka ce ku kawo kirik sai ku jawo wanda ya fi kusa da hannu, ku cusa, ku buga, ku shige ƙarƙashi kuna hira. A ganinku ɗaga mota share fage ne kawai kafin a fara aiki. To ni shekara guda na yi a hannun maigidana kafin ya yarda in riƙe kile, wato sifana, kuma duk shekarar nan ɗaga mota kaɗai nake koyo. Ku matso ku ji yadda aka yi.

Sunana Ilu, a Yekuwa aka haife ni, gidan manoma. Zamanin Nasara ne, lokacin da gyaɗa ta buɗe hanya, kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka fara shigowa ƙasarmu. Wata kaka na zo Magarya dako, ina ɗaukar buhu daga sikeli zuwa inda ake tarawa. Bayan kasuwa akwai rumfa a gindin tsamiya, inda wani tsohon soja, Malam Garba, ke gyaran mota. A soja ya koyo aikin. Ran nan na sauke buhu sai na hangi mutum ɗaya, siriri, yana murɗa wani ƙarfe da hannu guda, kamiyo kuwa tana tashi sama. Motar da mu goma ba mu iya motsawa. Na tsaya kallo har mai sikeli ya kira ni sau uku ban ji ba. Da aka tashi dako na je na gaishe shi, na tambaye shi daga ina ƙarfin ke fitowa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in ina son amsa in zo gobe in share wuri. Ban sake ɗaukar buhu ba.

Aikin farko da ya kai ni, wata kamiyo ce da tayarta ta fashe a hanyar Waca. Na ɗauka kirik zai ba ni. Sai ya miƙo mini sandar ƙarfe, ya ce in soka ƙasa wurin da za a kafa. Na soka, ta shige har kamu ɗaya. Ya ce in matsa gaba kaɗan in sake. Haka na yi ta soka har na sami inda ta tsaya. Sannan ya sa aka gangara motar a kan fasasshiyar tayarta zuwa wurin, direba na ta gunaguni.

"Ƙasa ce ke ɗaukar mota, Ilu," in ji shi. "Kirik tsakani kawai yake. In ƙasa ba ta yarda ba, ba abin da zai yi."

Ƙasarmu kuwa kun san ta, yashi ne daga nan har iyaka. Saboda haka kullum da katako mai faɗi muke yawo, wanda ake shimfiɗa wa kirik, da kututtura takwas na tokare mota. Ni ke ɗaukar su, ni ke ƙirga su da safe da maraice. Na taɓa tambayarsa me ya sa sai na kirya, alhali ga gawo ko'ina, ga sauƙin sara, ga rashin nauyi. Bai ba ni amsa da baki ba. Ya sa na samo guntun gawo da na giginya, muka sa su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin wata mota mai lodi, ya riƙa sassauta kirik a hankali ina tsugune ina kallo. Gawo ya yi ƙara ya lotsa kamar ɗanyen tubali. Giginya ta daure na ɗan lokaci, har na ce ta yi, sai ta tsage daga sama har ƙasa ba tare da ta ba da sanarwa ba. Kirya kuwa ko gezau. Ya kuma hana ni kafa itace a tsaye. A kwance ake jera su, biyu nan, biyu a gicciye, don in ɗaya ya gaza ɗan'uwansa ya tare.

Kirik uku gare mu. Akwai mai murɗi, wanda na fara gani, mai jinkiri ƙwarai amma ba ya sauka da kansa. Akwai mai haƙora, dogo, mai ɗaga mota daga gefe, wanda in harshensa ya kuɓuce hannun zai juyo ya karya wa mutum haƙarƙari. Sai mai aiki da mai, gajere mai kauri, da muke ce wa kwalba. Wannan ne ya hana ni sukuni. Yaya za a yi mai, abin da in ka zuba a tafi yake zurarewa, ya ɗaga kamiyo? Wata Juma'a Malam Garba ya tafi suna a Dungas, na shimfiɗa buhu na kwance kwalbar nan ƙarfe-ƙarfe. Abin da na tarar a ciki ya ba ni mamaki: wata ƴar fata mai zagaye kamar bakin tulu, da ƙwallon ƙarfe guda wanda bai kai ƙwayar wake ba. Shi ke nan. Ƙwallon ne ke toshe wa mai hanyar komawa. Na mayar da komai, amma mai ya ragu, washegari kirik ya ƙi tashi.

Na shirya shan duka. Malam Garba ya tambaye ni me na gani a ciki, na faɗa masa. Ya ce madalla, yanzu ka ga abin da ranka ke rataye a kai. Ya ƙara mai, ya ɗaga wata mota, ya kafa kara a gefenta, ya ja layi da gawayi daidai bakin shasi. Ya ce kada in taɓa komai. Daga azahar zuwa la'asar motar ta sauko da yatsa biyu, ba wanda ya je kusa da ita. Tun ranar na gane cewa kirik ɗagawa yake yi, riƙewa aikin wani abu ne daban. In mota ta tashi a tokare ta, a sauke nauyin a kan matokari, a jijjiga ta da kafaɗa, sannan a shiga.

Masu kawo mana aiki yawancinsu direbobin gyaɗa ne, kowanne da gaggawarsa. In ka tambayi direba buhu nawa ya ɗauko, ka ƙara goma a zuciyarka, sannan ka zagaya ka duba yadda bayan motar ya zauna. Nauyin kamiyo ba a raba shi daidai ba, kusan duka a baya yake, a kan pon, wato ƙarfen nan mai kauri da ke haɗa ƙafafun baya. Kirik ɗin da ya ɗaga gaba yana wasa, in ka kai shi baya sai ka ji yana nishi. Direban kumandan, Baturen mulki, ma yakan zo, shi ba ya gaggawa, sai dai ya tsaya a kanka yana gyara maka Faransancin sunayen ƙarafa. Wanda ya fi kawo mana aiki shi ne Alhaji Mamman, ɗan kasuwa mai kamiyo biyu, da babban direbansa Ɗanjuma. Ɗanjuma ya girme ni da ƴan shekaru. Gwani ne a yashi, ya san inda zai taka da inda zai saki, kuma kunnensa na jin ciwon mota tun kafin ta tsaya. Haƙuri ne kawai ba shi da shi.

A shekarata ta biyar muka ga muguwar shekara. Ruwa ya yi jinkirin zuwa, da ya zo kuma ya ƙi ɗaukewa, ya yi ta zuba har bayan an tone gyaɗa. Da yawa ta ruɓe a gona. Ƴar wadda ta tsira kowa na rige-rigen kwasa, direbobi suna lodin da ya wuce hankali don kada wani ya riga su komawa. A wannan kakar ciwon ƙirji ya kwantar da Malam Garba, idonsa ma ya fara dushewa. Da Alhaji ya nemi mai gyara da zai bi mota zuwa Dogo-Dogo, ni aka tura. Shi ne fitata ta farko ni kaɗai.

Muka yi lodi a Dogo-Dogo da sassafe. Buhu biyu suka rage a ƙasa, ba wuri. Ɗanjuma ya dubi kututturana da ke ɗaure a kusurwa, ya ce a sauke su a ajiye gidan mai sikeli, jibi ai za mu dawo. Na ce Maigida ya hana. Ya ce Maigida na kwance a Magarya, shi kuwa shekara bakwai yana bin hanyar nan bai taɓa buƙatar su ba. Na kwance igiyar da hannuna. Katako guda kawai na riƙe da kwalba.

Ba mu yi nisa ba, a wata fadama, muka ji ƙara a baya, mota ta karkata hagu. Lam ne ya karye, faifan ƙarafan nan da aka jera bisa juna suna ɗauke da jikin mota. Akwai wani a ajiye, amma sai an ɗaga, an cire tayoyin gefen. Na soka ƙasa. Samanta ta bushe ta yi ɓawo, amma sandar na hudawa sai ta zarce, ta fito da laka a baki. Na gaya wa Ɗanjuma cewa wurin nan ba shi da gaskiya, kuma ba mu da matokari. Muka ɗaga da kwalba kaɗan don jikin motar ya bar taya, na roƙe shi ya jira in shiga wani ƙauye da muke hange in nemo abin tokarewa. Ya ce to, ya kwanta a inuwa.

A ƙauyen ba kututture ko ɗaya, duk an ƙone a damina. Ina ta dube-dube sai na ji luguden daka, na leƙa na ga turmi. Na ƙwanƙwasa shi, kirya ce. Na san Maigida ya hana itace a tsaye, amma ba wani abu. Matar gidan ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ari turmi don mota ba, in jira mijinta. Mijin, Malam Nomau, dattijo ne mai haƙar rijiya. Ya saurare ni, ya ce zai ba ni turminsa da na maƙwabta da ƙyauren zaurensa, amma da sharaɗin zai bi ni ya ga abin da mota za ta daka. Muka ɗora wa jaki biyu.

Tun daga nesa na ga motar ta ƙara karkata, makiyaya sun bar shanunsu a gonaki sun taru. Ɗanjuma ya gaji da jira. Ya ƙara buga kirik, ya cire tayoyin biyu, ya shiga ƙarƙashi zai kwance bulon, ƙusoshin da ke ɗaure lam ɗin. Ɓawon ƙasa ya fashe, katako ya tuntsure, kirik ya yi tsalle gefe. Bakin pon ya kafe a ƙasa, cikinsa kuwa ya danne cinyarsa ta hagu. Taushin ƙasar ne ya hana ƙafar yankewa, amma taushin nan dai shi ke neman kashe shi, don motar na ci gaba da nutsewa sannu a hankali. Yana cikin hayyacinsa, gumi na zuba, yana ta salati. Da ya gan ni abin da ya ce kawai shi ne, "Ilu, tana saukowa."

Makiyayan sun riga sun sare sanduna, suna so a cusa a ɗaga gaba ɗaya. Ni ma hankalina can ya tafi. Malam Nomau ya tsuguna, ya cusa hannu a ƙasa gefen cinyar, ya murza lakar da yatsunsa. Ya ce kada wanda ya ɗaga komai. Ya ce ya sha ganin rijiya ta rufta da mutum, kuma waɗanda ake ja da ƙarfi su ne ba sa fitowa da rai. In aka ɗaga ta kuɓuce, faɗuwa ta biyu ba za ta bar ƙashi ba.

"Kai ka san mota, ɗana," ya ce mini. "Ka tsayar da ita inda take. Ni na san ƙasa, zan janye ta daga ƙarƙashinsa."

Muka raba ƙyauren uku, muka shimfiɗa biyu gaba da bayan pon. Na kife turmi a kan kowane, gindinsa a sama, na cike ratar da ke tsakaninsa da shasi da ɓallin sanduna da na fiƙe, ina bugawa da guduma a hankali har suka kama. Na kafa kara, na ja layi da gawayi. Sannan na sa mutum biyu marasa nauyi suka hau, suna miƙo buhu ɗaya-ɗaya daga gefen da ya karkata, ba jifa, ba tsalle. Layin gawayi ya tsaya inda yake. Malam Nomau ya kwanta rubda ciki da sakaina a hannu, ya fara haƙa daga nesa, ɗan rami mai gangara zuwa ƙarƙashin ƙafar, wani Bafillace na kwashe ƙasar da ƙwarya. Da ya matso kusa ya ajiye sakaina ya koma yatsu. Ana cikin haka turmi ɗaya ya yi ƙara, tsaga ta fito a gefensa. Bafillacen nan ya kwance igiyar da ke kugunsa, muka naɗe turmin da ita, muka murɗe da kara. Ya riƙe. Wajen azahar cinyar ta sauka cikin ramin da kanta, muka jawo shi ta kafaɗa.

Akwai maɗori a Dogo-Dogo, can aka kai shi a kan ragowar ƙyauren. Ƙafa ta haɗu, amma ta gajarce ta sandare. Bai sake tuƙi ba.

Da na koma na tsuguna gaban shimfiɗar Malam Garba na ba shi labari duka. Tambaya ɗaya ya yi mini: ina kututturan? Na faɗa masa. Sai ya ce gaggawar ta Ɗanjuma ce, amma igiyar ni na kwance, kuma mai gyara da direba ke iya lallashi bai gama koyo ba.

Alhaji Mamman ya aika wa ƙauyen da sabon turmi da sabon ƙyaure. Sannan ya zo rumfa ya ce ba ya so a sake ɗaga motarsa da addu'a kaɗai, a nemo kayan kirki duk inda suke. Malam Garba ya ce idonsa ba zai zaɓa ba, Ilu zai je Damagaram. Kafin in tafi ya sa na sassaƙa sanda na yi mata tsaga biyu. Ta ƙasa ita ce ratar da ke tsakanin pon da ƙasa in taya ta sace gaba ɗaya. Ta sama ita ce inda pon zai kai kafin sabuwar taya ta shiga. Ya ce kirik ɗin da bai shiga ƙarƙashin ta fari ba, ko bai kai ta biyu ba, ko kyauta ne in bar shi. Game da nauyi kuwa, in ɗauki wanda zai ɗaga abin da nake so har da rabinsa a kai.

A kantin wani Bature na fara ganin kirik mai taya. Dogo ne, kwance a ƙasa, da baki mai tashi da dogon hannu a baya, shi ya sa muka sa masa suna kada. Ba sai ka shiga ƙarƙashi ka kafa shi ba, daga waje za ka tura shi ka buga. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili. Akawun kantin, wani ɗan Dahome mai jin Hausa, ya nuna mini lambar da aka buga a jikin kowane, ya ce ita ce ton ɗin da yake ɗauka. Na tambaye shi a kan wace ƙasa aka gwada, ya ce siminti mana. Na fito da sandata. Babban cikinsu, wanda akawu ke ta yabo, ya fi tsagar ƙasa tsawo, ba zai shiga ba ranar da ake buƙatarsa. Ƙaramin ya shiga amma bai kai tsagar sama ba. Na tsakiya ya yi, kuma guda biyu ne iri ɗaya. Na ce ina so in gwada su a kan motar kantin da ke tsakar gida. Akawu ya ce ba a taɓa yi ba. Baturen ya fito, aka fassara masa, ya yi dariya ya ce a bar ni. Na ɗaga gefe da ɗaya, gefe da ɗaya, na kafa kara biyu, na ja gawayi, na zauna a inuwa daga hantsi har azahar. Ɗaya ya sauko da faɗin yatsa, ɗaya bai motsa ba. Baturen ya zo ya duƙa ya duba layin da kansa, bai sake dariya ba. Na kuma gwada saukewa, don kirik ɗin da in ka murɗa yake sakin mota gaba ɗaya ba abin zama da shi ba ne. Na ɗauki wanda bai motsa ba, na haɗa da sabuwar kwalba mai faɗin gindi saboda hanya.

A nan ne kuma na ga matokaran ƙarfe, masu ƙafafu da sanda a tsakiya da ake ɗagawa a soke da ƙusa. Na ƙananan motoci ne, sirara, ba su yi mana ba. Amma na juya ɗaya a hannuna har na haddace shi.

Da na dawo na je wurin Tanko maƙeri, mai ƙera hauya da garma a bakin kasuwa. Na zana masa a ƙasa. Ƙarfe muka samu daga wata matacciyar kamiyon Alhaji. Kwana biyu muna gardama a kan ƙafa uku ko huɗu. Ni na ce huɗu sun fi ƙarfi. Tanko ya jawo kujerar matarsa ya dasa a ƙasa marar daidai, ta yi ta rawa, sannan ya nuna mini duwatsun murhu. Muka tsaya a uku. Ya yi wa kowace ƙafa tafi mai faɗi irin na raƙumi don kada ta nutse, ya yi wa kan gwafa inda pon zai kwanta. Ƙusar ce ta wahalar da mu. Ta farko ta ƙarfen hauya ce, da muka sauke mota a kai ta lanƙwashe kamar lauje. Ta biyu ya yanko daga karyayyen ƙarfen cikin pon, ya gasa ya tsoma a ruwa, ta yi tauri har da ya buge ta da guduma ta ɓalle biyu. Na kai wa Malam Garba guntayen, ya shafa bakin karayar da yatsa, ya ce a soja cikin mai suke tsomawa. Tanko ya ce shi bai gaji haka ba, amma ya gwada da baƙin man mota. Ta uku ba ta lanƙwashe ba, ba ta karye ba.

Kada kuwa ranar farko kunya ya ba ni. Na tura shi a gaban jama'a, ƴan tayoyinsa na ƙarfe suka nutse a yashi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da na lura kuma sai na ga cewa in bakinsa na tashi dole jikinsa ya riƙa matsawa gaba kaɗan-kaɗan, in ya kafe sai ya jawo motar ko ya zame. Siminti a lokacin sai gidan gwamnati. Inna Hajo, wadda ke sayar mana da fura, ita ce shugabar mata masu daɓe a unguwar. Ta ce ai ɗakin amarya suke yi wa daɓen da tabarya ba ta fasawa, me zai hana su yi wa mota. Muka kawo mata jar tsakuwa a jakuna, ita ta jiƙa makuba. Kwana bakwai mata goma sha biyu na dukan ƙasa a rumfarmu da waƙa, direbobi na tsayawa kallo. Da ya bushe na tura kada, ya gangara, sai dai da nauyi ya hau kansa tayoyin suka bar sawu. Muka fasa gangar mai muka miƙe ta muka shimfiɗa masa. Shi ke nan.

Ranar gwaji aka kawo ita kamiyon nan da ta danne Ɗanjuma, aka cika ta da buhunan yashi fiye da lodin gyaɗa. Na sa dutse gaba da bayan tayoyin gaba, na ɗaga, na kafa matokarai, na sauke, na janye kada, muka cire tayoyin baya duka. Aka riƙo Malam Garba aka fito da shi. Ya bi kowane matokari da hannu daga tafi har gwafa. Sannan ya ce a kawo ƙwai. Ya sa aka jera tubali ƙarƙashin pon aka ɗora ƙwan, da ratar yatsa guda tsakaninsa da ƙarfe, ya ce kwana uku ba mai shiga. Yara da manya suka riƙa zuwa leƙe. A rana ta uku na sa yatsana a ratar, ya shige kamar ranar farko.

Na shimfiɗa buhu zan shiga sai na ji an ce, "Dakata, Ilu." Ɗanjuma ne, da sandarsa. Tun da abin ya faru bai zo kusa da mota ba, ko hanyar tasha ba ya bi. Ya ce yana so shi ya fara. Na dubi Malam Garba, ya ce a ba shi hanya. Ya jingina sandar, ya zauna, ya ja jiki da gwiwar hannu yana jan ƙafar har ya kai daidai ƙarƙashin pon. Ya daɗe kwance a wurin. Can sai muka ji yana ƙwanƙwasa ƙarfe da zobensa, nan da can.

"Ilu, wa ya ɗaure lam ɗin nan na dama?"

Na ce ni ne, Yaya.

"Na uku daga sama ya tsage. Miƙo kile."

Na miƙa masa. Da ya fito, hannu duk baƙin mai, Malam Garba ya ce masa aikin kwance ba ya neman ƙafa biyu, in yana so ga wuri. Maigida bai kai wata damina ba, Allah ya jiƙansa. Ni da Ɗanjuma muka riƙe rumfar shekara ashirin da ƴan kai, ni ina ɗagawa ina tokarewa, shi yana shiga. Kuma bai taɓa shiga ba sai ya sa kafaɗa ya jijjiga motar da kansa, ko da ni na kafa.